Fuskar da ke jikin fosta muke zaɓa, ko mutumin?

Sani_MaiMadaba'a:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan fitar da ita. Sana'ata buga takardu ce a nan Birnin Kebbi: katin biki, kalanda, rasit, idan kakar zaɓe ta kama kuma sai fosta. Gab da zaɓen 2023 wani mutum ya shigo shagona da hoton ɗan takarar shugaban ƙasa a waya, ya ce kwafi dubu biyar yake so. Ba zan faɗi jam'iyya ba, don na yi wa fiye da ɗaya aiki kuma duk hali ɗaya ne. Ya ja kujera ya zauna a bayana, yana nuna mini fuskar kwamfuta da makullin motarsa. A goge tamojin goshin nan. Idon ya yi ja, a wanke shi. A ƙara wa fatar haske. Hular nan ba irin tamu ba ce, a sauke ta a ɗora masa zanna. Bayansa kuma a sa gonar shinkafa kore shar, tunda Kebbi za a manna. Sai da muka kwashe awa biyu. Da muka gama na jera hoton asali da wanda na gyara, wallahi kai ka ce uba ne da ɗansa.

Tambayata biyu ce. Shin wannan aikin yana juya ra'ayin mai zaɓe a Kebbi, ko kuɗi ne kawai ake shafa wa bango? Idan kuma yana juyawa, mu masu gyaran muna da alhaki a wuyanmu?

Abu_Jega:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kwantar da hankalinka, kuɗi ne ake shafa wa bango. Ban taɓa ganin wanda ya fito daga gida da niyyar lema, ya ga fosta a hanya, ya koma tsintsiya ba. A unguwarmu kwana biyu fosta ke yi awaki su cinye ta, saboda sitacin da ake manna ta da shi.

Malama_Hadiza_Argungu:
Ɗan'uwa Abu, ban yarda ba. Na yi aikin zaɓe na wucin gadi sau biyu, 2015 da 2019, a wani ƙauye cikin ƙasar Argungu. Ka tuna takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da fuskar kowa, ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, alamar jam'iyya ce kawai da haruffanta. Tsohuwar da ba ta karatun boko, me zai haɗa mata mutumin da take so da wurin da za ta dangwala? Fostar nan ce. A 2015 sau nawa na ji mace ta shigo layi tana tambayar ta bayanta, ina tsintsiyar Baba Buhari take? Fuskar da alamar sun riga sun zama abu ɗaya a kanta, kuma ba a rana ɗaya aka yi wannan ba. Wata da watanni aka yi tana ganinsu tare a bangon masallaci, a bayan babur ɗin kabu-kabu, a jikin atamfa.

Abu_Jega:
Malama, ai kin ƙarfafa maganata ne. Ta riga tana son Baban tun kafin fosta. Fosta hanya kawai ta nuna mata.

Malama_Hadiza_Argungu:
To nuna hanya ƙaramin aiki ne? A 2019 jam'iyyu sun haura saba'in a takardar shugaban ƙasa. Da idona na ga ƙuri'un da suka lalace saboda mutum ya rasa inda zai sa yatsa.

Dattijo_Gwandu:
Yara, ku bari in sa baki. Wanga abu ba yau anka fara shi ba. Mahaifina, Allah shi gafarta mai, ya sha ba mu labarin 1959, lokacin da Awolowo ya zaka Arewa da jirgi mai saukar ungulu yana neman ƙuri'a. Mutane sunka taru makil kallon jirgi, ranar zaɓe sunka bi Sardauna. Ni kuma 1979 ita ce ƙuri'ata ta hwarko, lokacin Kebbi da Zamfara dut muna cikin jihar Sakkwato. NPN gida da masara, PRP mabuɗi, Waziri Ibrahim na GNPP da kalmatai ta siyasa ba da gaba ba. Shagari bai buƙaci a gyara mai fuska a nan ba, don malamin makaranta ne da ya yi hedimasta a Argungu, akwai dattawan da ya koyar da hannunai. Wanda ka sani ba a sayar maka da shi. Ana sayar maka da baƙo ne.

Nura_ɗanJami'a:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Maganarka ta ƙarshe ita ce abin da nake son in ɗora a kai. Idan kuka lura, tallan ɗan takarar shugaban ƙasa ba ya zuwa inda yake da ƙarfi, inda yake da rauni yake zuwa ya toshe. Ku ɗauki Buhari. Ya tsaya a 2003, 2007, 2011, ya faɗi duka ukun. A Kudu ana masa kallon soja mai murtuke fuska wanda bai san kowa ba sai Arewa. Me aka yi a 2015? Sai ga hotunansa cikin baƙar kwat da ɗan ƙaramin lakatayi, ga shi cikin kayan Ibo da jar hula, ga shi cikin na Yarabawa, ga na mutanen Neja Delta, yana murmushi. Aka haɗa shi da Osinbajo, farfesan shari'a kuma fasto. A watan Fabrairun 2015 ya je Chatham House a Landan ya gabatar da kansa a matsayin tsohon shugaban soja da ya rungumi dimokuraɗiyya. Mu a nan aka bar mu da Mai Gaskiya, su can aka ba su Canji. Mutum ɗaya, fuska biyu. Ya samu ƙuri'a miliyan 15 da ɗoriya, Jonathan miliyan 12 da dubu ɗari takwas.

Shi ma Jonathan haka ya yi a 2011. Yana kan kujerar shugaban ƙasa, amma labarin da ya sayar shi ne na yaron da ya je makaranta ba takalmi. A Arewa kuma har Mainasara aka laƙaba masa.

Barista_Zuru:
Nura, ka yi ƙoƙari, amma ka ba kwat ladan da ba nata ba. A 2011 Buhari da CPC, jam'iyyar da ba ta kai shekara biyu ba, ba kuɗin talla, ya samu sama da miliyan 12. Abin da ya ƙaru a 2015 ba hoto ya kawo shi ba. A 2013 ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC, Kudu maso Yamma ta shigo. A ƙarshen wannan shekarar gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa: Kano, Sakkwato, Adamawa, Kwara da Ribas. Ga Boko Haram tana riƙe da garuruwa, ga ɗaliban Chibok da aka sace a Afrilun 2014. Da za a cire waɗannan a bar kwat ɗin, da faɗuwa ta huɗu zai yi.

Nura_ɗanJami'a:
Na yarda Barista, ban ce ita kaɗai ba ce. Amma Bayaraben da jagoransa ya ce masa ya bi Buhari yana buƙatar abin da zai kwantar masa da rai, ya faɗa wa matarsa da abokan cocinsa. Hoton shi ya ba shi wannan. Kuma da ba shi da amfani, da APC ba ta ɗauko kamfanin David Axelrod, mutumin da ya tsara wa Obama kamfe, ya ba ta shawara ba.

Bello_Kalgo:
Ni abin da na tuna a 2015 shi ne har mai neman majalisar jiha sai ya manna hoton Buhari a fostarsa, nasa ƙarami a ƙasa, na Baba babba a sama. Sak! Da yawa sun haye a wannan rigar, waɗanda ko unguwarsu ba za su iya ci ba da ƙashin kansu.

Manomi_Suru:
Malam Sani, gonar shinkafar da ka ce ka ɗora a bayan mutumin, ita ta taɓa ni. Bari in ba ku nawa. Ana saura wata biyu zaɓe, muna fadama muna dashen rani, sai ga mota ta tsaya a kan gona. Samari uku suka fito da kyamara, suka ce shirin noma suke haɗawa. Suka ce in cire hular malafa don fuskata ta fito, in riƙe damin iri a hannu, in ɗaga kai in yi dariya. Na yi har sau huɗu kafin ta yi musu. Ɗayansu ma bai yarda ya sauko cikin laka ba, daga kan kunya yake ba da umarni, yana kare takalminsa. Suka ba ni naira dubu biyu suka tafi. Bayan mako uku ɗana ya nuna mini a Facebook: ga ni nan ina dariya, an ɗora waƙa, an rubuta manoman Kebbi suna tare da wane. Wallahi ba shi na zaɓa ba. A majalisarmu har yau akwai masu ganin na ci kuɗi na ɓoye.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a daminar 2020 ruwa ya shanye gonar nan ƙurmus, ni da dubban irina, ba mu girbi ko tiya ba. Ranar ba wanda ya zo da kyamara ya ce in ɗaga kai.

Malama_Hadiza_Argungu:
Subhanallahi. Allah ya saka maka Baba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Bello_Kalgo:
Shinkafar Kebbi ta daɗe da zama kayan talla. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, daga nan aka yi shinkafar Lake Rice da haɗin gwiwar jihar Legas, har aka kai ga dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Wasu manoman sun amfana, ban musa ba, na san waɗanda suka gina gida. Amma hoton dala daban, farashin kwano a kasuwar Kalgo daban.

Ummu_Khadija_Yauri:
Ku maza kuna ta maganar fosta. Mu mata tallan da ke zuwa mana har ɗaka shi ne turmin atamfa mai fuskar mutum, da leda mai hoto da taliya da sabulu a ciki. Kada ku raina shi. Matar da ta yi wata ba ta ga sabon zane ba, idan ta ɗaura wannan, kunya kaɗai ta isa ta hana ta dangwala wa wani. Takan ce na ci amanar wanda ya tufatar da ni? Da yawa ma an sa su rantsuwa.

Shehu_Gusau:
Gaisuwa daga maƙwabtanku. Ina karanta ku tun safe. Ina so ku dubi wani abu da ya faru a jihohinmu biyu a 2023. Ranar 25 ga Fabrairu, Tinubu ya ci Zamfara da kusan dubu 298, Atiku kusan dubu 194. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai suka sauke gwamnan APC mai ci suka ɗora Dauda Lawal na PDP. Ku kuma a Kebbi akasin haka: Atiku ya ci da kusan dubu 285, Tinubu dubu 248, amma kujerar gwamna ta zauna a APC. Allunan talla ba su canza ba a cikin mako ukun nan. To ku gaya mini, mutanen da suka iya raba ƙuri'a haka, su ne za a ce hoto ke jan su da hanci?

Sannan ku tuna a Satumbar 2021 an rufe mana layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, wasu yankunan sun daɗe kafin a buɗe. Mutumin Zurmi ko Ɗansadau da ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, ka zo ka kafa masa allo mai tsawon bene ka rubuta tsaro a jiki. Kowane ɗan takara ya rubuta wannan kalmar. Ba wanda ya ɗauki hoto a ƙauyen da aka ƙona.

Abu_Jega:
Shehu ka gama magana. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Barista_Zuru:
Bai gama ba tukuna. Alƙaluman nan na Shehu sun nuna cewa gwamna, sanata da masu gari suna da nauyi, ba su nuna talla ba ta da shi ba. Tazarar Kebbi ba ta kai dubu arba'in ba. A irin wannan tazara ko ƙaramin abu yana iya karkata sikeli.

Muryar_Rediyo:
Na yi shekaru ina ɗora murya a tallace-tallace, bari in faɗa muku yadda ake dafa abin. Rubutun yakan zo daga Abuja da Turanci, a ce a mayar Hausa a minti ɗaya. Idan ka bi shi kalma da kalma, mai sauraro a Kamba ko Bagudo zai ji kamar sanarwar asibiti. Don haka mukan ajiye takardar, mu sa muryoyi biyu, mace da namiji suna hira a bakin rijiya ko wurin mai shayi, sunan ɗan takara ya fito sau huɗu ko biyar, alamar jam'iyya ta zo a ƙarshe don ita ake so ta zauna a kunne. Lokacin da ya fi tsada shi ne gab da labarai da bayansu. Kuma Hausar ma ana zaɓa: wadda aka naɗa da bakin Kano ba ta shiga jikin mutanenmu kamar wadda aka ce musu wanga da munka.

Amma gaskiyar da masu ba mu aiki ba sa son ji ita ce, duk abin da muke yi bai kai waƙa ɗaya mai daɗi ba. Talla kai kake biya a sa ta. Waƙa kuwa mai kabu-kabu ne zai tura wa wayarsa da kuɗinsa, a sa ta a gidan biki, yara su haddace. Shi ya sa mawaƙin siyasa yake hawa motar da mai gidan rediyo bai hau ba.

Nura_ɗanJami'a:
Yallaɓai, doka fa? Ba wanda ke tace abin da kuke sawa?

Barista_Zuru:
Akwai doka a takarda. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na kamfe, a rufe ana saura awa 24, kuma ta ce mai neman shugaban ƙasa kada ya kashe sama da naira biliyan 5. Hukumar ARCON ce ke da alhakin tantance talla, hukumar NBC kuma tana sa ido a gidajen rediyo da talabijin. Amma ka tuna fom ɗin takara kaɗai a APC naira miliyan 100 ne a 2022, a PDP miliyan 40. Sannan yawancin allunan nan da sunan ƙungiyoyin magoya baya ake kafa su, ba da sunan ɗan takara ba. Wa zai ƙirga? Mutumin da ya zauna a bayan Malam Sani da makullin mota, na tabbata ba ya cikin lissafin kowa.

Faruku_Aliero:
Ku dattawa kun manta waya. Mu yanzu a TikTok da WhatsApp muke ganin ɗan takara. Peter Obi da baƙar rigarsa, yana jan jakarsa da kansa a filin jirgi, wannan hoton kaɗai ya gaya wa matasa ba ya ɓarnar kuɗi, ba sai ya buɗe baki ba. Ya samu sama da miliyan 6, ya ci Legas da Abuja. Kwankwaso da jar hula, daga nesa ka san nasa. Tinubu da zanen da ke jikin hularsa da kalmar emi lokan, wato lokacina ne, da ya faɗa a Abeokuta. Atiku kuma aka ce shi ne mai haɗa kan ƙasa.

Shehu_Gusau:
Faruku, nawa Obi ya samu a Kebbi? Dubu goma da 'yan kai. A Zamfara bai kai dubu biyu ba. Kwankwaso kuma cikin kusan miliyan ɗaya da rabi da ya samu, kusan miliyan ɗaya daga Kano take, inda ya yi gwamna sau biyu kuma yake da mutane a kowace mazaɓa. Hula ba ta tafiya sai da kai a cikinta.

Faruku_Aliero:
Haka ne Yaya. Amma abin da ke ba ni tsoro ba na yabo ba ne, na ɓatanci ne. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya yi aiki a zaɓenmu na 2015, har da bidiyon tsoratar da mutane. Yanzu kuwa da waya ɗaya yaro zai ɗora muryar mutum a kan maganar da bai faɗa ba, ya tura zauren iyaye mata. Gyaran tamojin Malam Sani wasa ne a kan wannan.

Ummu_Khadija_Yauri:
Duk ƙarya suka yi mana. Wa ya ce mana za a cire tallafin mai?

Barista_Zuru:
Hajiya, a nan dole a yi adalci. Tinubu, Atiku da Obi, duka ukun sun faɗa a bainar jama'a kafin zaɓe cewa za su cire shi. Sai dai a taron 'yan kasuwa da hirar Turanci suka faɗa. Ban ji an sa shi a waƙa ba, ban gan shi a fosta ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, sai mutanen karkara suka ji kamar saukar aradu.

Muryar_Rediyo:
Gaskiya ne. Ban taɓa karɓar rubutun da ke ɗauke da wannan maganar ba, daga kowane ɓangare.

Ustaz_Bunza:
An yi nisa an bar tambayar Malam Sani ta biyu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu a cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne. Ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A fahimtata, mutum ya sa rigarsa mafi kyau a ɗauke shi hoto, wannan ado ne, ba laifi. Amma a ɓoye alamar tsufa ko rashin lafiyar wanda zai riƙe amanar mutane sama da miliyan 200, ko a ɗora shi a gonar da bai taka ba, ina jin tsoron ya shiga babin jiƙaƙƙen hatsi. Abin da aka yi wa Baba na Suru kuwa shaidar zur ce aka yi da fuskarsa. Allah ne mafi sani.

Bello_Kalgo:
Allah ya gafarta Malam, to idan Sani ya ƙi, shago na gaba zai karɓa. Shi kuma yana da iyali, kakar zaɓe ce kakarsa.

Ustaz_Bunza:
Na sani Malam Bello, shi ya sa ban yanke masa hukunci ba. Yana iya buga hoto yadda aka kawo shi, ya ce gyaran fuska ba ya cikin aikinsa.

Dattijo_Gwandu:
A 1993 Abiola ya cika rediyo da talbijin da talla, ya ka da Bashir Tofa har a Kano. Amma kahin nan ya yi shekaru yana gina masallatai da makarantu a Arewa. Ku tambayi kanku, wanne cikin biyun ya ci mai zaɓe? Ni har yau ban raba ba.

Sani_MaiMadaba'a:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Abin da ban faɗa muku ba, mutumin rabin kuɗi ya bayar, ya kwashi dubu uku da ɗari takwas, ya ce zai dawo. Har yau ban sake ganinsa ba. Ragowar suna nan a ƙarƙashin tebur, mai ƙosan bakin layinmu ke ɗiba tana naɗe wa yara. Ustaz, maganarka ta zauna mini, amma gaskiya ban san ko zan iya kallon mai kwafi dubu biyar in ce masa ba na gyara ba. Baba na Suru, ɗanka ya turo mini inda bidiyon yake, akwai hanyar kai ƙara a Facebook a sauke shi, zan gwada.

Manomi_Suru:
Allah ya yi albarka. Da magariba zai turo, yanzu yana fadama wurin injin ban ruwa.

Malama_Hadiza_Argungu:
Malam Sani, hoton asalin yana nan a kwamfutarka? Ina so ka buga mini su biyun a takarda ɗaya, gefe da gefe, ba suna ba alamar jam'iyya. 'Yan ajina na ƙarshe da yawansu za su isa yin katin zaɓe kwanan nan. Nawa ne kwafi arba'in?